Raphael Shekari, Farfesan Bayan Taga

"Ka ajiye littafin nan, Baban Sarah. Na haɗa ka da girman Allah, ka ajiye shi."

Bangon da ya raba ɗakina da nasu bai kai rufi ba, silin ne kawai ya rufa mana asiri. Safiyar Laraba ce, wajen ƙarfe bakwai, a gidan hayarmu na Muchia, kuma muryar Susanna ce, matar maƙwabcina Raphael Shekari.

"Me littafin ya yi miki?" in ji shi.

"Ni bai yi min komai ba, kai zai yi wa. Neman aiki za ka ko kotu? Ka shiga, ka gaishe su, ka ce masa Oga, ka amsa abin da aka tambaye ka, ka fito."

"Ni zan ce wa Collins Oga? Collins ɗin da bai san bambancin ganyen dawa da na masara ba sai da na nuna masa?"

"Shi ɗin fa. Shi ne kan kujera, kai kana kan benci. Shekara goma sha uku kana kan benci, har katakon ya san ka."

"Sun ce suna son wanda ya san aikin ƙuduji. Ga shaida a hannuna. In bar shaida a gida in tafi da baki?"

"Shaidar da ke ɗauke da sunan wani? Haba, Farfesa. Kai komai ka sani ban da mutane."

Na ji ƙarar zif ɗin jaka. Ya saka littafin ke nan. Da ya fito tsakar gida sanye yake da kwat ɗin aurensu, ta matse shi a kafaɗa. Ya gaishe ni kamar kullum, a tsanake, ya nufi bakin titi neman keke zuwa Chikaji, inda wani kamfanin irin shuka ya kira shi intabiyu ƙarfe tara. Sanarwar ta ce kada mai neman aikin ya haura shekara arba'in. Raphael zai cika arba'in da rani mai zuwa. Shi da matarsa duk sun san wannan ce ƙofa ta ƙarshe.

Daga wani ƙauye na bayan Zonkwa ya zo Samariya, unguwar da jami'a take, yana da shekara ashirin da ɗaya, da akwatin ƙarfe da Littafi Mai Tsarki da buhun acca. Mahaifinsa malamin coci ne, wanda ya yi imani cewa yaro mai kyan rubutu ba ya kwana da yunwa. Raphael kuwa yana da kyan rubutu, yana da kai. Ilimin noma ya shiga karantawa a jami'a, ɓangaren kare amfanin gona. Abin da ba shi da shi, shi ne wanda zai kira sunansa. Ya taɓa gaya min cewa ya yi zango guda cur a aji mai mutum fiye da ɗari, ba wanda ya tambaye shi ko biro. Takalminsa na roba ne, Turancinsa na littafi, in ya yi magana sai 'yan birni su kalli juna.

Wata yarinya 'yar Legas mai suna Oyindamola ce ta fara. Ta ga makin da ya ci a wani gwaji, ta tare shi a bakin aji, ta ce, "Kai ne Raphael, ko?" Ya ce a ranar bai iya cin abinci ba don murna. Ta roƙe shi ya duba mata aikin gida. Bai duba ba, ya sake rubuta shi daga farko har ƙarshe. Ta ci maki mafi yawa a ajin. Kafin mako ya zagayo kowa ya san sunansa, kafin shekara ta ƙare an daina kiran sunan, an koma ce masa Farfesa.

Shi yana cewa talauci ne ya sa shi rubuta wa mutane aiki. Ban yarda duka ba. Na farko-farkon ma bai karɓi komai ba sai farantin shinkafa da "Allah ya bar mana Farfesa". Ina ganin abin da ya kama shi daban ne. Daɗin shiga aji ne ka ga 'ya'yan manya suna matsa maka wuri, suna share maka kujera da hankicinsu.

A shekara ta huɗu akan tura ɗalibai koyon aiki na wata shida a gonaki da kamfanoni. Ana ba kowa littafin rahoto, yana rubuta abin da ya yi kullum, mai wurin ya buga hatimi. Lokacin ya zo daidai da sa'ar da 'yan ajin ƙarshe ke fafutukar kundin bincikensu, wanda suke kira furojet, kuma Raphael na da guda bakwai a hannu. Sai ya je wurin wani dattijon cocinsu mai gidan kaji a Hanwa, ya yi masa bayani. Dattijon ya buga masa hatimi a shafi bayan shafi a zama ɗaya, har ya yi masa addu'a. Raphael ya cika littafin rahoton da ayyukan da bai yi ba, kuma ya cika shi da kyau, don an ce malamin da ya duba ya nuna wa wasu a matsayin misali. Wata shidan nan a wani shagon buga takardu na Samariya ya yi su, tsakanin na'urar fotokwafi da janareta.

Collins, ɗan ajinsu, haifaffen Sabon Gari, ɗan wani mai sayar da kayan gyaran mota, ba shi da wanda zai nemi ya rubuta masa komai, don haka ya tafi inda aka tura shi: kamfanin irin nan na Chikaji. Ya ɗauki buhu, ya ɗinke buhu, ya bi direbobi ƙauyuka raba iri. Ya san sunan maigadi da sunan 'ya'yan maigadi. Ranar Asabar yana tsaron gida a ƙwallon ma'aikata. Ya dawo makaranta baƙi wuluk, da lambobin waya cike da aljihu, kai kuma yadda ya tafi da shi.

Da suka shiga ajin ƙarshe aka ba Collins bincike a kan ƙuduji, ciyawar nan mai jan fure da ke maƙale wa saiwar masara da dawa ta tsotse su tun kafin ta fito a gan ta. Ya zo wurin Raphael yana sosa ƙeya. Raphael ya san ƙuduji tun yana yaro, ita ta cinye gonar mahaifinsa shekara biyu a jere. Ya karɓi aikin kamar an ba shi amarya. Damina guda ya yi yana auna ƙananan filayen gwaji, yana ƙirga tsiro, yana gwada shuka waken soya tsakanin layukan masara a tazara daban-daban. Komai ya rubuta da hannu a wani littafi mai baƙin bango, kafin a buga. Nasa furojet ɗin kuwa, a kan ƙwarin wake, kwana tara ya yi masa, a gajiye.

Ranar kare bincike, ɗalibi kan tsaya gaban malamai ya yi bayanin aikinsa. Raphael ya yi mako biyu yana ɗora Collins a kan abin da zai faɗa, kalma bayan kalma. Da aka kira Collins, sai Raphael ya zagaya bayan ginin ya tsaya jikin taga. Yana jin maganarsa tana fitowa daga bakin wani, leɓunansa suna bi a hankali. Wani tsohon malami da aka kawo daga wata jami'a ya cire tabarau ya ce shekara goma bai ga aikin ɗalibi irin wannan ba. Aka tafa. Raphael ya gaya min a nan bayan taga ya yi hawaye, kuma ya rantse na daɗi ne.

Collins ya fita da babban maki a furojet, kamfanin da ya ɗaukar wa buhu ya kira shi tun kafin ya gama bautar ƙasa. Raphael ya fita da digiri mai daraja ta biyu, ƙaramin mataki. Ya yi bautar ƙasa yana koyarwa, ya dawo, ya fara yawon neman aiki da takardunsa a ambulan. Duk inda ya je tambaya ɗaya ce: a ina ka taɓa aiki, wa ya san ka a can? Dattijon Hanwa ya rasu, gidan kajin ya zama gidan haya. Sai ya koma shagon Samariya, wai na ɗan lokaci.

A shagon ne ya haɗu da Susanna, tana karatun koyarwa a kwaleji. Nata kundin ma shi ya rubuta. In suna cikin raha takan ce, "Duk waɗanda ka yi wa, ni kaɗai na saka maka, na aure ka. Ka ga kuwa na fi kowa shan wahala." Yanzu tana koyar da 'yan firamare a wata makarantar kuɗi, kuma albashinta ne ke riƙe da tukunya.

A ƙarƙashin gadonsu akwai jaka babba cike da littattafan da ya rubuta da hannu, kowanne da sunan mai shi a bango. Ya taɓa fito min da su wata Lahadi bayan coci, yana ɗagawa ɗaya-ɗaya. Wannan yana banki a Kaduna. Wannan tana ma'aikatar gona. Wannan yana ƙasar waje, har ya zama dakta. Yana faɗa ne kamar uba mai lissafa 'ya'yansa. Na tambaye shi ko akwai wanda ya taɓa nema masa aiki a cikinsu. Ya ce duk sun yi alkawari. Sukan rungume shi in an haɗu a biki, su ce wa matansu, "Ga Farfesan da nake ba ki labari," su karɓi takardunsa, daga nan waya ta daina shiga. Shi yana kiran wannan butulci. Ni ina ganin tsoro ne. Mutum yakan girmama ungozomar da ta karɓi haihuwarsa, amma ba ya son ta zauna kusa da shi a wurin da ake ce masa ranka ya daɗe.

Sai kuma kasuwar ta mutu. Shekara biyun nan ɗalibai sun gano waya na iya rubuta musu babi guda kafin a gama shan shayi. Suna zuwa shagon har yanzu, amma don a buga a ɗinke kawai. Raphael yakan karanta abin da suka kawo yana tsaki, ya ce babu rai a ciki. Wata rana ya gyara wa wani yaro shafi uku ba a sa shi ba, yaron ya yi faɗa wai an ɓata masa lokaci. Ba wanda ke ce masa Farfesa a Samariya yanzu, sai dai a ce masa Baba mai fotokwafi. Cikin wannan hali ne sanarwar Chikaji ta fito, ana neman jami'in gona wanda ya san yaƙi da ƙuduji, kuma shugaban sashen shi ne Collins.

Abin da ya faru a intabiyun daga bakin Raphael na ji shi, da yammacin ranar, muna zaune a dakalin ƙofar gida. Mutum uku ne a teburin: Collins, da wata Madam Bibiana mai kula da ɗaukar ma'aikata, da wani dattijo daga cikin masu kamfanin. Collins ya tashi ya ba shi hannu, ya ce wa sauran, "Ɗan ajinmu ne, duk ya fi mu kai." Aka fara lafiya. Dattijon ya yi masa tambayoyi a kan ƙuduji, Raphael ya amsa har dattijon ya ajiye biro yana saurare. Sai Madam Bibiana ta duba takardunsa.

"Malam Shekari, ilimi kam akwai. Amma shekara goma sha uku ban ga gona ko ɗaya a nan ba. Koyon aikinka ma a gidan kaji ka yi. Ka taɓa yin aikin ƙuduji da hannunka, a fili?"

A bangon da ke bayanta an rataye wani hoto a firam: Collins yana karɓar lambar yabo, a ƙasa an rubuta cewa don tsarin shuka waken soya tsakanin masara da kamfanin ke koya wa manoma. Raphael ya ce ya kalli hoton sau ɗaya kawai. Ya buɗe jaka, ya fito da littafin mai baƙin bango, ya ɗora a teburi.

"Na yi, Madam. Damina guda. Ga awon, ga ranakun, da rubutun hannuna. Collins zai shaida."

Dattijon ya jawo littafin ya buɗe. A bangon ciki akwai sunan Collins da lambarsa ta ɗalibi, da rubutun Raphael. Ya juya shafi biyu, uku, ya ɗaga kai ya dubi hoton bango, ya rufe littafin a hankali ya tura masa. Fanka ce kawai ke juyawa. Can Collins ya yi 'yar dariya, ya ce ai tare suka yi aikin fili a lokacin, Farfesa ya taimaka masa ƙwarai. Madam Bibiana ta ce za a neme shi.

"Ban yi don in tona shi ba," Raphael ya ce min. "An tambaye ni shaida, na ba da shaida."

Na yarda bai shirya tona kowa ba. Amma na ji shi ta bango kwana uku kafin ranar, yana maimaita jimlar nan shi kaɗai, "Collins zai shaida," yana sauya mata murya. Mutumin da ya tsaya bayan taga yana ɗan shekara ashirin da shida bai taɓa barin wurin ba. Yana son aikin, babu shakka. Amma akwai abin da ya fi so: a faɗa sau ɗaya, a cikin ɗaki, gaban shaidu, cewa shi ne.

Ranar Asabar da hantsi wata farar mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. Collins ne, ya yi ƙiba, yana sanye da ƙaramar riga mai tambarin kamfani. Ya gaida matan da ke wanki da Hausar Sabon Gari tsantsa, ya shiga ɗakin Raphael. Labule kawai aka saki, ni kuma ina ɗakina.

"Maman Sarah, ina gajiya? A'a, bar ruwan, ba daɗewa zan yi ba." Sai ya koma kan Raphael. "Farfesa, me na yi maka?"

"Tambayata aka yi."

"Da ka bari. Wallahi da ka bari. Na riga na yi magana da Madam Bibiana, na ce mata ko ba ka da gona a takarda, ni na tsaya maka. Yanzu Baba, dattijon nan da ya buɗe littafin, ya daina kallon idona. Jiya a mitin ya ce in yi bayanin tazarar layi, ni da nake wannan aikin shekara goma sha biyu. Na san aikin nan yanzu, Farfesa. Rana ta koya min, manoma sun koya min. Ba a takarda na tsaya ba."

"Wa aka ɗauka?" Susanna ce ta tambaya.

"Wata yarinya, Ify. A wurinmu ta yi koyon aiki shekara uku da suka wuce. Kowa ya san ta."

Na ji an ajiye kofi da ƙarfi.

"To da gaske ka tsaya masa," in ji Susanna, "ko yanzu da abin ya lalace ne ka samu bakin faɗa?"

Da Collins ya yi magana muryarsa ta sauka.

"Maman Sarah, ban sani ba. Gaskiya ke nan. Na yi maganar, amma da Baba ya ce a'a sai na ji numfashina ya dawo. Farfesa, ka san na gan ka ranar nan? Ina tsaye gaban malamai, na ɗaga kai, ga ka a taga, bakinka yana motsi, yana riga nawa. Har yau in na tashi magana a taro sai na dubi taga. Ta yaya zan zauna ofis ɗaya da kai?"



Sai Collins ya zo ga abin da ya kawo shi. Abu biyu ne. Yana son a ba shi littafin. Sannan ya shiga karatun digiri na biyu, don ba za a ƙara masa girma ba sai da shi, kuma ba shi da lokacin zama rubutu. Ya gwada waya, malaminsa ya dawo masa da babin farko da jan biro. In Farfesa zai karɓa, zai kula da shi yadda ya kamata, kuma akwai wasu abokansa biyu masu irin matsalar.

"Tashi ka fita," in ji Susanna. Ba ta ɗaga murya ba. "Ka hana shi kujera, ka zo ka gyara masa benci. Tashi, Oga Collins, tun ina ganin girmanka. Baban Sarah, ka yi magana mana! Ka gaya masa!"

Collins ya fito, yana laluben makullin mota a aljihu, hannunsa babu littafi. Matan da ke wanki suka sunkuyar da kai kamar ba su ji komai ba. Daga cikin ɗaki Susanna ta fara kuka, irin na wanda ya gaji, ba na wanda aka doka ba. Na fito na tsaya a bakin ƙofata.

Collins ya kusa kaiwa zaure sai labulen ya motsa. Raphael ya fito ya tsaya a bakin ƙofa, da singileti, ba takalmi, littafin mai baƙin bango a rungume a ƙirjinsa. Na yi zaton jifansa zai yi da shi. Sai na ga fuskarsa. Rabon da in ga idonsa da haske irin wannan tun ranar da ya fito min da jakar ƙarƙashin gado.

"Collins," ya ce. Collins ya juyo. "Littafin nan ba zan ba ka ba, akwai kuskure a shafi na arba'in da ban taɓa gyarawa ba. Shi wannan digiri na biyun, a kan ƙuduji ne? To kada ka sake taɓa babin farkon. Kawo min shi shago ranar Litinin, da jan biron da komai, in ga me malamin naka yake nufi."